Kayan Rangadin Baba

Shekarar da aka ɗauke kujerar mulki daga Legas zuwa Abuja, ina cikin ayarin farko da ma'aikatarmu ta tura. Aikina buga takardu ne. Maigidana malamin makaranta ne, don haka ya tsaya a Legas da yara har a gama zangon karatu, kayan ɗakinmu kuma suka tsaya tare da su. Ni kuwa na ɗauki ɗan hutu na biya ta Zariya in gaida iyayena kafin in kama aiki a sabon wuri.

Baba ma'aikacin gandun daji ne har ya yi ritaya, rabin rayuwarsa a rangadi ya yi ta. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Da na gaya masa inda aka tura ni, sai ya kashe rediyonsa ya gyara zama.

Ya ce, "Abujar da na sani ita ce wadda yanzu kuke ce wa Suleja. Inda za a kai ku bayanta ne. Na yi kwanaki a wurin nan muna auna daji. Uwata, daji ne na gaske."

Na ce, "Baba, ai an yi benaye, an shimfiɗa tituna."

Ya ce, "Na ji. Ki tafi da adakar dai."

Adakar ƙarfe ce koriya, kayan rangadinsa ne a ciki, tun muna yara take zaune a bayan ƙofar ɗakin Inna. Na buɗe baki zan ƙi, sai Inna ta riga ni daga madafa: "Karɓa, Allah ya yi miki albarka. Shekara da shekaru ina tuntuɓe da ita." Haka aka ɗaure ta a saman motar haya, ina jin kunyar a gan ni da ita a babban birnin ƙasa.

An ba mu gida a Garki, a hawa na biyu na wani sabon bene, ni da wata abokiyar aikina da nake kira Anti. Bayarabiya ce 'yar Ilori, ta girme ni sosai, 'ya'yanta duk sun yi aure. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "shi" ne a wurinta in ta ga dama. Gidan yana ƙamshin fenti, amma babu komai a ciki sai bango da daɓe. Ba a gama haɗa famfon unguwar ba, tanka ce ke kawo ruwa, kowa ya tara a jarka ya hau da shi. Ga zafin bazara.

Anti ta dubi ɗakin, ta dubi adakar, ta ce, "Buɗe shi mu gani. Ko tabarma ce a ciki muna so."

Abin da muka fara zarowa wani ƙunshin sanduna ne da tamfol. Mun daɗe muna jujjuya shi kafin mu gane gado ne. Da muka kafa shi, Anti ta zauna a bakinsa, sai ya tashi tsaye ya rufe ta. Ƙafafunta kawai nake gani suna wutsil-wutsil, tana kiran sunan Allah da Yarbanci. Sai da na yi dariya na ƙoshi sannan na ciro ta. Daga baya muka gane akwai wata sanda da ake turawa ta tsakiya ta riƙe shi. Tun daga ranar muka riƙa kwana a kai bi da bi, wadda ba ranarta ba ta kwanta a kan kwalaye.

Akwai wata jakar tamfol mai marfin katako da igiyar ratayewa. Na cika ta da ruwa, sai na ga jikinta yana tsattsafo. Na ce ta huje, na rataye ta a ƙarfen taga don kada ta jiƙa daɓe, na manta da ita. Da muka dawo daga ofis da la'asar, maƙogwaro a bushe, Anti ta tsiyaya ta kurɓa. Ta zaro ido ta miƙo mini kofin. Ruwan ya yi sanyi kamar na sabuwar randa. Ashe tsattsafon nan shi ne aikinta, iska tana bugun jikinta ruwan ciki yana hucewa. A lokacin ba wanda firijinsa ya iso a benen nan, sai ga matan maƙwabta suna aiko da kofuna, wai a sam musu ruwan taga.

Sai bokitin wanka, shi ma na tamfol, a ƙasansa akwai kan shawa na tagulla da ɗan makunni. Muka kafa ƙusa a banɗaki muka rataye shi. Ruwan da da ba ya isar mutum ɗaya sai ga shi yana isar mu biyu, har a rage na wankin kallabi. Ga risho mai famfo, wanda idan ya kama yake ruri kamar jirgi zai tashi, amma kafin ka yanka albasa ruwa ya tafasa. Ga wani zarto da ba shi da siffar zarto ko kaɗan, waya ce mai kaushi da zobe a kowane baki, a nannaɗe cikin gwangwanin taba. Da shi muka yanka gora muka yi sandunan labule, ni a wannan zobe Anti a wancan, muna ja muna waƙa. Da shi kuma ta riƙa datsa ƙashin ƙafar saniya in za ta yi farfesu.

Abu ɗaya ne ya gagare mu. A can ƙasan adakar akwai wasu ƙananan kwanonin silba guda shida, a jere cikin juna. Kowanne yana da wani ɗan kofi a tsakiyarsa a manne, sai fili ya kewaye shi kamar ganuwa. Maƙwabcinmu na ƙasa, wani Bakatsine mai Fijo, ya ce na kafa kyandir ne. Matarsa ta ce a'a, na ba kaji ruwa ne. Baba ba shi da waya, ni kuma ban ga abin tambaya ba.

Wata Asabar Anti ta jiƙa wake, ta rasa ganye ta rasa gwangwani. Sai ta ɗauko kwanonin nan ta dirje su da toka da sabulu har suna ƙyalli.

Ta ce, "Turawa ma yana cin alale. Wannan nasu ne."

Ta shafa musu mai, ta zuba ƙullun a kewayen, ta jera su a tukunya. Da ta kife na farko a faranti sai ga alale ya fito zobe guda, da rami a tsakiya, sumul. Ta raba dafaffen ƙwai ta sa a ramin, ta barbaɗa yaji. Ban taɓa ganin alale mai kyan wannan ba. Kuma saboda ramin, ya fi saurin nuna har ciki.

Ranar Litinin muka kai ofis. Ogammu ya ci biyu ya tambaya a wane otal aka saya. Kafin wata ya ƙare an san mu a benen da wannan alale. Matar Bakatsinen nan, mai cewa na kaji ne, ita ta fara zuwa aro da aka yi sunan 'yar ƙanwarta. Muka riƙa ba da su da sharaɗin a dawo da shidan cif.

Da ruwa ya fara sauka, Baba ya zo ganin inda aka ajiye 'yarsa. Ya hau benen a hankali yana riƙe da ƙarfen matakala. Da ya shiga bai zauna ba sai da ya zagaya kayansa. Ya taɓa jakar da ke taga, ya leƙa banɗaki ya murɗa makunnin bokitin, ya danna gadon da tafin hannu ya ji sandar tsakiya tana wurinta. Na ga gemunsa yana motsi, haka yake yi in abu ya yi masa daɗi.

Anti ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta kawo masa alale a faranti, kwanonin kuma suna kife a tire a gefe. Ya yi bisimilla ya kai loma. Ya kai ta biyu. Sai idonsa ya faɗa kan tiren. Ya ajiye cokali, ya ɗauki kwano ɗaya ya juya shi.

Ya ce, "Uwata, a cikin wannan aka dafa?"

Na ce, "E, Baba. Ba na abinci ba ne?"

Ya ce, "Ƙafafun gadon can nawa ne?"

Na waiwaya na ƙirga. Shida.

Ya ce, "Ƙafar gado ake sawa a kofin tsakiya, a zuba kananzir a kewayen. Kwarkwasa in ta zo da rundunarta ba ta iya tsallakawa ta hau ka. Kunama ma haka."

Anti ba ta gane duka ba, sai da na maimaita mata. Ta dafe kai da hannu biyu. "Kananzir! Oga ya ci, mai jego ya ci!"

Baba ya fara dariya, ta ci ƙarfinsa har ya cire hula yana share ido da ita. Da ya samu numfashi ya ce rabon kwanonin da kananzir tun kafin in shiga firamare, kuma ya ga irin dirzar da suka sha. Ya jawo farantin ya cinye, ya ce a ƙara masa.

Ya ce wa Anti, "Shekarun da na yi ina yawo da su, ban taɓa tunanin wannan ba. Da na sani da ban ci gari da ƙuli a daji haka ba."

Washegari ya ce sai an kai shi inda suka taɓa kafa sansani, kusa da Tungan Maje, a bakin wani rafi. Bakatsinen ya ce zai kai mu. Baba ya sa aka ɗauko jakar ruwa da risho da wani naɗaɗɗen tamfol da ba mu taɓa warwarewa ba. Ya zauna a gaba yana ba da umarni. Bai san titi ko ɗaya ba, duwatsu yake bi. Ya ce a sa dutsen Zuma a dama, sai titi ya mai da shi hagu. Ya ce a juya. Muka zagaya wani shatale-tale har mai sayar da masara a bakinsa ya fara ɗaga mana hannu.

Bakatsinen ya ce, "Baba, ko mu tambaya?"

Baba ya ce, "Wa za a tambaya? Duk baƙi ne kamarku."

A ƙarshe dai mun tambaya. Muka bi hanyar Gwagwalada, muka sauka kan wata turba tsakanin kunyoyin doya, sai ga rafin. Baba ya fita ya tsaya yana kallo. Ya ce itatuwan sun ragu ƙwarai, amma falalen dutsen da suke shanya kaya a kai yana nan. Ya rataye jakar a reshen wata ɗorawa, ya tsuguna ya yi wa rishon famfo da kansa, ya ɗora shayi.

Wasu matan Gbagyi suka biyo hanyar da itace a kafaɗa. Baba ya gaishe su da yarensu, 'yan kalmomin da ya riƙe tun wancan zamani. Suka tsaya cak, sannan suka fashe da dariya. Babbarsu ta ce masa da Hausa gaisuwar daidai ce, sai dai ta safe ce, yanzu kuwa rana ta yi tsaka. Ta sauke kayanta ta zauna a kan dutsen, aka zuba mata shayi. Suka shiga hirar inda tsohuwar kasuwa take da, da wata gadar katako da ruwa ya tafi da ita. Ba ta tuna shi ba, shi ma bai tuna ta ba, amma gadar nan sun yi ta kamar tare suka gina ta.

Muna cikin haka hadari ya taso daga gabas. Na ce mu gudu mota. Baba ya ce ba inda za mu. Ya warware tamfol ɗin nan, ashe yana da zobba a gefuna da igiyoyinsa. Ya nuna wa Bakatsinen reshen da zai ɗaura wannan, ya ba Anti wancan, ni na riƙe turaku yana buga su da dutse. Ɗigon farko ya same mu a ƙarƙashi, mu da baƙinmu da itacensu. Ruwa ya zuba sosai. Ya taru a tsakiyar tamfol ɗin ya yi tumbi, Baba ya tokare shi da sanda daga ƙasa, sai ya kwararo ta gefe ɗaya ya sauka daidai kan takalman Bakatsinen da ya cire ya ajiye a gefe don kada su ɓaci da laka. Har shi mai takalman sai da ya yi dariya. Aka sake ɗora shayi.

Da aka ɗauke ruwan, matan suka ba mu doya, muka ba su sauran sukari da ganyen shayi. A hanyar komawa Baba bai ba da umarni ko ɗaya ba. Yana ta kallon sababbin unguwanni ta taga, jar ƙasa ko'ina, benaye tsirara a rana.

Ya ce, "Garin zai yi kyau. Inuwa ce babu."

Bayan ya koma Zariya da 'yan makonni, wani direban motar haya ya yi sallama a ƙofarmu da kwali a kai. Dashen itatuwa ne a cikin gwangwanayen madara, maɗaci da mangwaro da dogon yaro, da saƙon baki daga Baba cewa a dasa kafin ruwa ya ɗauke. A makon ne maigidana da yara suka iso. Muka fita bayan benen da fartanyar aro, mu da Anti da maƙwabtanmu na ƙasa, kowane gida ya ɗauki nasa ya haƙa rami. Awakin unguwa sun cinye wasu. Waɗanda suka tsira, kafin mu tashi daga gidan sun kai tagar hawa na biyu, har an fara ajiye motoci da benci a ƙarƙashinsu.