Kofur Ya Shige Tukunya

Mai Gilashi ba ya zama. Duk wanda ya san shi a layin masu tagogi zai gaya maka haka. Tun yana saurayi yake yankan gilashi, har ga shi gemu ya yi fari, yatsu duk tabon yanka, amma ko abinci a tsaye yake ci: loma ɗaya, sai ya ajiye ya ɗauko ma'auni. Idan ya ja abin yanka ƙiiii, ya ƙwanƙwasa ta ƙasa, gilashi ya rabe ƙas, to nan ne kawai za ka ga fuskarsa ta saki. Gidansa kuwa kaf gilashi ne, har ƙofar wurin ajiye takalma. Matarsa takan ce da zai samu hali, da ita ma ya sa ta a firam ya rataye a bango.

Ita wannan matar ce santsi ya kwashe a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Bayan an yi mata aiki, likita bai ɓoye musu ba: dole ta riƙa takawa kullum, ko da daga gado zuwa taga ne, in ba haka ba ƙafar za ta sandare, ta ƙarasa rayuwarta a kwance. Amma tsoro ya riga ya shige ta. Lallashi ya yi, faɗa ya yi, ko gezau.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya yi abin da ya iya. Ya haɗa guntayen gilashi da gam ya yi tankin kifi, ya zuba tsakuwa da ruwa, ya kifa 'yar fasasshiyar tukunya a ciki, ya ɗora a kan tebur can bakin taga. Ya sayo kifin ado guda, dangin karfasa, mai launin ruwan lemo da baƙin zane, ƙato kamar tafin hannu. Kifin nan ɗan rigima ne na gaske. Yini yake sintiri daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana kwasar tsakuwa da baki yana tofarwa, duk wanda ya matso sai ya taso masa. Matar ta yi dariyarta ta farko tun faɗuwarta, ta sa masa suna Kofur.

“Baban yara, haka ake ba kifi abinci? Kamar mai watsa wa kaji?” in ji ta wata safiya. “Miƙo min sandar nan.”

Da sandarta mai ƙafa huɗu ta ja jiki har bakin taga, tana nishi tana masifa. Kofur ya karɓi abinci daga yatsanta. Daga ranar ba ta ƙara bari wani ya ciyar da shi ba, safe da yamma, kuma ƙafa ta fara sakewa.

To, da mutumin naka ya bar abu yadda yake, da shi ke nan. Ina! Wani guntun madubi ya rage a shago, tsawonsa daidai da tankin. Ya kawo shi gida da murna, ya manne shi a bayan tankin. Ɗaki ya yi haske, tanki ya zama kamar biyu, ga shi a ganinsa Kofur ya samu abokin hira.

Ba a jima ba Kofur ya canza. Ya daina sintiri, ya shige tukunya, ido kawai kake hangowa. Launinsa ya koɗe, ya naɗe fikafikansa, abinci sai ya nutse ya ruɓe a ƙasa. Ko inuwa ce ta gifta, sai ya ƙara lafewa. Matar ma ta daina tashi. Ta juya fuskarta bango, sandar na jingine.

Hankalin Mai Gilashi ya tashi ba kaɗan ba. Ya canza ruwa, ya canza abinci, ya wanke tsakuwa, ya sayo sabon injin hura iska a ruwan, ya mayar da tsohon, ya sake sa sabon. Ya buɗe shago, ya rufe, ya dawo gida ya leƙa tukunya, ya koma. A tsakanin nan ya ɓata gilashin tagar wani, abin da rabonsa da yi tun yana koyon aiki. Ya garzaya wurin mai sayar da kifin.

“Ka sa wani sabon abu a tankin?”

“Ko ɗaya,” in ji shi, kuma har ga Allah gaskiyarsa ya faɗa. A wurinsa gilashi ba wani abu ba ne, balle ma wanda ke wajen tankin.

Rannan mai gashin ƙashi ta zo duba matar. Ta gwada lanƙwasa gwiwar, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Ta ja shi gefe ta ce, “Baba, ƙafar nan ta fara komawa baya. Idan aka ci gaba a haka, ba na jin za ta sake takawa.” Tana fita ya ɗauko raga da bokiti: zai mayar da wannan matsoracin, ya karɓo wani.

“Ajiye ragar nan,” in ji matarsa, ba ta ko juyo ba. “Zo ka zauna a nan kusa da ni.”

“Zama kuma? Ana wannan…”

“Ka zauna, na ce.”

Ya ɗosana a bakin gado, yana ta karkaɗa gwiwa. Ta juyo da ƙyar, ta dafe gwiwar da hannunta. Zaman nan ya yi masa tsawo kamar ya kurma ihu. Can sai ga Kofur ya zuro kai, ya fito a hankali. Yana juyawa ya yi ido huɗu da wani kifi irinsa. Ya buɗe kumatu, wancan ma ya buɗe. Ya kai sara, bakinsa ya daki gilashi, wancan bai ja da baya ba. Sai ya yi wuf ya koma tukunya.

“Haka yake fama tun ranar da ka manna abin nan,” ta ce. “Abokin faɗan da ba ya gudu, ba ya gajiya.”

“Don Allah me ya hana ki gaya min?”

“Yaushe ka tsaya?” in ji ta. “Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ɗaga kanka ka duba.”

Ya duba. Ta cikin ruwan, a bayan tukunyar, ga gadonsu a madubi. Ga wata tsohuwa a kwance, ta rame, wuya duk jijiya, gashi a hargitse.

“Ni ban san haka na koma ba,” ta ce a hankali. “Duk na ɗaga ido in ga Kofur, ita nake gani. Sai in ce wannan ina ita ina tafiya.”

Kunya da tausayi suka rufe shi. Ya ciro reza daga aljihu, ya durƙusa a bayan tebur, ya shiga yanke gam ɗin. Da madubin ya fita, ya kifa shi a ƙasa.

Kofur dai bai fito ba. Mai Gilashi ya kai hannu zai ƙwanƙwasa tankin.

“Kai, bar shi! Kai ne ka firgita shi, ba zai fito maka ba.” Ta sauko da ƙafar a hankali, ta cije leɓe, ƙafar na rawa a kan siminti. “Kama ni ta nan. Kuma kada ka ja ni da saurin nan naka.”