Kujerar Baba Mamuda

Duk wanda ke bin hanyar Ladjifarani bayan sallar asuba ya san shi: dogon dattijo da 'yar kujerar katako a hammata, a gefensa mutum biyu ko uku suna tafiya kamar masu taka ƙwai. Baba Mamuda ke nan. Shekara talatin ya yi a asibitin Parakou yana share ɗaki yana tura gadon marasa lafiya, kuma a watan nan ya ajiye aiki. Ba shi da takardar likita ko ɗaya. Waɗanda yake rakawa kuwa masu ciwon zuciya ne da aka sallama, likita ya ce su riƙa motsa jiki, danginsu suka ce Allah ya kiyaye.

Ni ma ina cikin irin dangin nan, har ni ne shugabansu.

Shekara goma sha uku bayan samun 'yancin kai, mahaifina Alhaji Labbo, falken goro daga Djougou, yana kwance a asibitin nan zuciyarsa ta tsaya cak. Likita ya yi ta danna masa ƙirji har Allah ya dawo mana da shi. Ranar sallama likita ya ce ya riƙa tattaki kaɗan-kaɗan, muka ce to. Na kai shi gidana a unguwar Kpébié na kwantar da shi wata biyar. Ko buta ba mu bari ya ɗaga. Ƙafafunsa suka rame, ya koma salla a zaune, ya daina tambayar ko motocin goro sun iso. Mutumin da ba ya iya wuni a gida ya fara ce mana ba zai sake ganin Djougou ba. Mu kuma muna yaba kanmu, wai mun iya jinya.

Wata Lahadi Baba Mamuda ya zo dubiya da kujerarsa, don shi ya tura gadon Alhaji ranar da abin ya faru. Da na gane nufinsa sai na tare ƙofa.

"Baba, so kake zuciyar ta sake tsayawa?"

"Ɗana, ni mai shara ne, kada ka ji tawa," in ji shi. "Mu je ka tambayi likitan da ya danna ƙirjin."

Muka je. Likita ya wanke ni tas da Faransanci, ya rubuta abin da za a kiyaye, na dawo na buɗe wa Baba Mamuda ƙofa.

Ranar farko taku goma sha ɗaya suka yi, daga zaure zuwa gindin mangwaro. Baba Mamuda ba shi da agogo, gaisuwa ce ma'auninsa. Suna tafiya yana jefa wa Alhaji ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mutanen Djougou. In amsa ta fito sumul, a ƙara taku. In numfashi ya yanke ta, sai ya dire kujera ya ce, "Dusuma, Alhaji, dusuma," wato sannu-sannu.

Matsalar ita ce kujerar. Irin ta mata ce ta bakin murhu, Alhaji kuwa ya ce ba zai zauna a kanta a bakin titi mutane suna kallo ba. Baba Mamuda bai yi musu da shi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar, ya naɗe ƙafa kamar wanda ya zo ɗaukar karatu. Alhaji ya dube shi, ya zauna. Masu wucewa suka riƙa rusunawa suna gaishe su, ba wanda ya san hutun dole ake yi.

Kai ne ka yi wannan, Baba Mamuda, kullum safiya har wata bakwai, kafin ka tafi sharar asibiti. Kai ne ka zauna a turɓaya don mahaifina ya zauna da girmansa. Ina jin kunyar ranar da na tare maka ƙofa, kuma ba ka taɓa tuna mini da ita ba.

A wata na takwas na kai Alhaji Djougou. Muna isa tasha ya ce a sauke shi, da ƙafa zai shiga gari. Na bi shi a baya. A ƙofar masallacin unguwa ya haɗu da liman, tsohon abokinsa, suka riƙe hannu suka shiga gaisuwa, daga lafiyar jiki har jikoki har damina. Alhaji yana tsaye ya amsa duka, har ya ƙara nasa. Sannan ya juyo gare ni.

"In ka koma, ka gaya wa Malam Mamuda na kai gaisuwa ƙarshe."

Shekara shida ke nan, har yau da ƙafarsa yake zuwa Juma'a.

Mun gode, Baba Mamuda, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuka kwantar da naku don ƙauna, ku koma ku tambayi likita, in ya yarda ku nemi kujera ku fita da shi. Yanzu gwiwar Baba Mamuda ta fara ciwo, amma ya ce tattakin asuba yana nan. Gobe ni zan ɗaukar masa kujerar, in ya gaji kuma ni zan zauna a ƙasa.