Alkamar da Dulcie Ta Bari a Kwance

Ranar Talata, ashirin da uku ga watan Yuli, da hantsi, Allah ya karɓi ran Dulcie Chugg ta gonar Hollacott, a nan arewacin Devon ta ƙasar Ingila, tana da shekara saba'in da tara. A bakin gona ta faɗi da butar shayi a hannunta, injin yanka bai daɗe da fita daga alkamarta ba. Ina kan tsani a wani gida da nake yi wa baibaya aka kira ni a waya. Na ajiye karan da ke hannuna na sauko.

Dulcie, tun ina saurayi nake rufa ɗakunan mutane da karan alkamarki, yau ga furfura ta cika mini kai. Ke kaɗai kika rage a yankinmu mai noman doguwar alkama irin ta da, wadda ake yanka da sauran ɗanyenta, a ɗaure dami-dami don karan ya fito lafiyayye. Sauran manoma sun koma wa ƙaton injin nan mai haɗiye gona ya tofar da ƙaiƙayi. Ke kuwa kika ce wannan ba girbi ba ne, aski ne.

A bakinki tsohuwar kalmar nan ta kakanninmu, stook, ta ci gaba da numfashi. Yaran yanzu in an faɗa musu ita sai su ɗaga kafaɗa. A wurinki kuwa sunan abu ne kuma sunan aiki: a ɗauki dami biyu, a kafa gindinsu cikin kututturen gona, a haɗa kawunansu, a ƙara wasu a gefe, a bar kafa a tsakiya don iska ta ratsa. Wanda ya kuskura ya kira shi tari a gabanki ya jawo wa kansa.

"Shara ake tarawa," haka kike cewa. "Alkama tsayar da ita ake yi."

Kuma ba a kwashe ta sai ta ji ƙararrawar coci ta Lahadi uku. Wata shekara ina cikin matsin aiki na zo da mota tun kafin lokaci. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Kai Arnold, ita ba ta gama zuwa coci ba, balle kai da ba a ganin ƙeyarka sai ranar biki. Zauna ka sha shayi." Na sha shayi, na ci burodi da cuku, na koma da mota wayam. Haka kike, ki kori mutum kuma ki ƙosar da shi. Lokacin da matata Enid ta kwanta jinya, ke kika riƙa zama da ita da rana don in samu in fita aiki, ba ki taɓa bari na yi miki godiya har ƙarshe ba.

Amma duk rufin da karanki ya gyara a ƙauyukan nan, naki ne ya fi lalacewa. Kowace shekara sai ki ce wani ya fi ki buƙata. Mijinki Percy a gidan nan aka haife shi, kuma tun da idonsa ya tafi, nan ne kaɗai yake yawo ba ɗan jagora. Ɗanku Clive da ke birnin Bristol ya ce in sanyi ya shigo rufin nan yana yoyo, zai kai uban gidan kula da tsofaffi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne ya sa shi faɗa. Shi ya sa bana kika hana kowa ko dami ɗaya, kika ce alkamar bana ta rufin kan Percy ce.

Sai ga shi kin tafi kin bar ta a kwance, rediyo kuma na cewa ruwa na tafe ranar Juma'a. Damin da ruwa ya samu a ƙasa baƙi yake yi ya tsira, ba ya sake hawa kan ɗaki. Wata alkamar kuwa sai baɗi.

Ba wanda ya yi shela. Washegari na isa gonar na tarar da mutanen ƙauye, har da baƙin da suka sayi gidaje kwanan nan, waɗanda ba su taɓa rungumar dami ba. Aka kawo wa Percy kujera. Layin farko da muka tsayar, ya sa aka kai shi, ya shafa, ya juya fuskarsa wajen rana.

"Wa ya jera wannan? Kudu da arewa ake yi, rana ta samu kowane gefe. Da tana nan da kun sha magana."

Muka yi dariya, wasunmu suna share hawaye, muka rushe muka sake. Clive ya tuɓe kwat ya shiga da takalmin birni, ashe hannunsa bai manta ba. Kafin yammacin Alhamis duk gonar ta miƙe tsaye, damatsanmu kuwa duk sun kakkarce.

Ruwan ya zo kamar da bakin ƙwarya, har ranar da muka kai ki makwancinki bai gama ɗaukewa ba. Da muka dawo na kama hannun Percy zuwa gona. Ya durƙusa ya zura hannu cikin dammunan har gwiwar hannu, ya ce a bushe suke. Clive ya dube ni ya ce in shirya tsanina, Babansa ba inda za shi.

Muna komawa gida Percy ya ja rigata, ya rage murya.

"Arnold, in ka hau, ka fara da saman ɗakin kwana, ta wajen taga. Sai da aka yi ruwan nan ina ni kaɗai na miƙa hannu gefenta, na ji katifa sharkaf. Ashe a kanta yake zuba. Ita ce ta ce mu canza wuri, wai ta fi son kusa da taga."

Na yi miki alkawari, Dulcie. Ta nan zan fara, kuma ɗigo ɗaya ba zai sake sauka a wurin nan ba muddin ina da hannu.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki makwanci mai ni'ima. Ina miƙa ta'aziyyata ga Percy, da Clive da iyalinsa, da duk wanda yake kwana a ƙarƙashin karan gonarki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.