Fis ɗin dutsen gugar Umma

Shekarun baya, lokacin ina saurayi a Kubwa, akwai wata yarinya da muke shiga mota ɗaya kullum da safe zuwa cikin gari. Tana koyon aiki a wani shagon magani, ni kuma ina ɗan aikina na ofis. Wata takwas ina zama a kujerar bayanta, kuma duk abin da na iya ce mata bai wuce "ina kwana" ba. A raina kuwa har na raɗa wa 'ya'yanmu suna. Littattafan soyayya sun gama da ni a lokacin, ina ganin kaina irin jarumin nan da ke magana ɗaya budurwa ta sunkuyar da kai.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na miƙa mata takarda mai layi biyu. Washegari ta dawo min da ita cikin ladabi, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban iya karantawa ba. Na nuna wa oga a shago, ya ce ko takardar likita ce." Haka rubutun hannuna yake.

Wata Juma'a ta juyo ta ce min ta gama koyon aikin, gobe da la'asar yayanta zai zo ya mayar da ita Zariya. Na san in ta tafi ban faɗa ba, shi ke nan. Na zauna na rubuta wasiƙa shafi biyu a kwamfutata, har da wata da taurari a ciki. Saura bugawa. Shagon da ake buga takardu a layinmu ba zai yiwu ba, don mai shagon sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kuma ba ya miƙa maka takarda sai ya karanta ta da ƙarfi wai yana duba kuskure.

Sai na tuna da tsohuwar firintar da yayana ya bari a kan durowa da ya yi aure ya tashi. Asabar da hantsi na sauko da ita, na goge, na jona, na danna. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Na kira abokina mai gyaran waya a kasuwar Gudu. Ya ce, "Oga, soket ɗin na kawo wuta kuwa?" Na jona fanka, ta juya. Ya ce in zare wayar, in danne maɓallin minti ɗaya, in mayar. Na yi har sau uku. Ya ce in gwada wata wayar wuta. Na ciro ta rediyo, na ciro ta tukunyar lantarki, babu wadda bakinta ya shiga. Ya ce in sunsuna bayanta ko akwai ƙauri. Na durƙusa ina shinshinar firinta kamar mage.

"Abokina, cikinta ya ƙone," in ji shi. "Ka tura mata saƙo a waya mana, kamar kowa."

Na ce ba ni da lambarta. Ya yi dariya har sai da na kashe.

Duk wannan abin mahaifiyata tana zaune a ƙofar falo tana gyaran shinkafa, tana kallona. Bayan azahar, da ta ga na haɗa kai da gwiwa, sai ta ce, "Auta, wai me za a buga ne da ya hana ka cin abinci?"

"Takardar ofis ce, Umma."

"Ofis ran Asabar? Kuma takardar ofis ce ta sa ka fesa turare tun safe?" Ta ci gaba da tsince shinkafarta. "To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai na san ciwon injin nan, amma ba na yi wa maƙaryaci magani."

Na dubi agogo, biyu ta wuce. Ban taɓa yi wa mahaifiyata zancen mace ba a rayuwata. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, tun daga kujerar mota har takardar likita. Ta saurara ba ta katse ni ba, ta tambayi 'yar waye, na faɗi ɗan abin da na sani. Sai ta ajiye tire ta ce in ɗauko mata dutsen guga da wuƙar kicin.

Ashe Umma ba ta taɓa sayen fis ba, ɗan ƙaramin abin nan da ke cikin kan fulogi. Duk lokacin da na dutsen gugarta ya ƙone, sai ta zagaya gida ta nemi abin da aka daina amfani da shi, ta kwance kan fulogin da bakin wuƙa, ta cire nasa, ta mayar da murfin ta ɗaure tsaf kamar ba a taɓa ba. Na firintar ta ɗauka tun shekarar da yayana ya tashi. A gabana ta kwance fulogin biyu, ta mayar da ɗan ƙaramin abin nan mazauninsa, ta ce, "Danna."

Na danna. Koriyar wuta ta kama, injin ya yi ƙara, wani abu ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan. Wallahi na yi kabbara da ƙarfi har maƙwabciyarmu ta leƙo.

Baƙar tawada ta bushe ƙurmus. Na goge bakin robar tawadar da auduga da ruwan ɗumi, a banza. Ja ce kawai ta yarda ta fito, ita ma a koɗe. Na mayar da rubutun gaba ɗaya ja, wasiƙa ta fito ruwan hoda. Na ce ai ma ya fi dacewa. Shafi na biyu na faɗowa aka ɗauke wuta, don haka babu halin guga, da kaftani a yamutse na fita da gudu.

Na same su a ƙofar gidan da take zaune, kusa da inda muke shiga mota, ana saka jaka a but ɗin motar yayanta. Ta karɓa, ta karanta a tsaye, tana cije leɓe don kada ta yi dariya. Ta ninke ta saka a jakar hannunta, ta ce, "Wata takwas, sai yau?" Sannan ta nuna da haɓa. "Ga yayana can. Je ka gaishe shi da kyau, shi zai ba ka lambar gida."

Yau 'ya'yanmu biyu. Idan na tuna ranar, abin da ke ba ni mamaki shi ne na kira kasuwar Gudu neman taimako, alhali mai maganin tana zaune taku biyar daga inda nake. A littattafan da na karanta, uwa sai dai ta hana ko ta yi kuka. Tawa da wuƙar kicin ta ɗaura min aure, kuma har gobe in ta zo gidanmu, matata sai ta ɓoye dutsen guga.