Abin da Na Rubuta wa Gwaggo

A unguwarmu a Tudun Wada ni ne mai Turanci. Na daɗe ina koyarwa a firamare, don haka duk takardar da ta shigo unguwa sai ta biyo ta hannuna, har ta jikin kwalbar maganin feshi. Ina ji da kaina kuwa, ba zan ɓoye ba.

Gwaggo, yayar mahaifina, turara shinkafa take yi tun rasuwar mijinta. Manoma su kawo shanshera, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, ta jiƙa, ta ɗora a wuta, ta shanya. Hayaƙi ya saka idonta a gaba. Kullum bakin mayafinta a jiƙe yake don share hawaye.

Wata shekara bayan girbi, ma'aikatan wata ƙungiya suka zo daga Kano, wai za su tallafa wa mata masu turara. Kowacce aka ba ta takarda. A ƙasa an bar layi uku, mace ta faɗi da Turanci ko ta amince, da yadda take ji da sana'ar. Gwaggo ta aika aka kira ni.

"Malam," haka take tsokanata, alhali ita ta goye ni, "rubuta musu na yarda, su sa sunana. Amma ka gaya musu idona. Aikin nan dole ce ta sa nake yi."

Na zauna a kan turmi, biro a baki. Jimla biyu suka tsaya mini. Ɗaya ta ce Gwaggo ta yarda, shi ke nan, busasshiya kamar dangwala yatsa, sai maganar ido ta biyo baya. Ɗayar kuwa a kwaleji na koyo ta, wadda ake sawa a takardar neman aiki: tana ƙaunar aikinta, tana jin daɗinsa matuƙa. Mai daɗin faɗi ce, kuma na jima ban sami inda zan yi amfani da ita ba. Na ce a raina, wa zai ɗauki kaya ya ba tsohuwa mai kukan ido? Mai nema ai da fara'a yake zuwa. Na rangaɗa ta biyun, na cike layin tsaf, ban bar wa ido ko gurbin kalma ɗaya ba.

"Ka sa?" in ji ta.

"Na sa, Gwaggo."

Maƙwabciyarta kuwa, 'yarta ce ta cike mata, da wani gurgun Turanci da na karanta na yi ta dariya. Kalma huɗu ko biyar: hayaƙi, ido, ciwo. Da kayan suka iso, ita aka gina wa murhu mai bututu, aka kuma kai ta Kano aka duba idon. Gwaggo, tunda tana jin daɗin aiki, sai aka ba ta ƙatuwar tukunya, ninki biyu na tata.

Labarin tukunyar ya kai har garin Burumburum. Buhuna suka cika soro, wuta ba ta mutuwa. Gwaggo ba ta iya cewa a'a ba, marayu huɗu ne a gabanta. Damina biyu aka yi, ta daina bambance tsakuwa da shinkafa a faifai. Da na kai ta asibiti, likita ya haska ya haska, ya ce mun makara.

Yanzu tukunyar tana jingine a bayan ɗaki, kaji na ƙwai a ciki. Na daina cike wa kowa takarda, ana cewa girman kai ne ya kama ni. Na tsani jimlar nan, kuma har yau ina iya karanto ta ba tuntuɓe.

Duk Juma'a nakan je gaishe ta. Rannan ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Na ji muryarka ba daɗi, Malam. Daina sa abin nan a ranka. Kai dai ka gaya musu, su ne ba su ji ba."

Na buɗe baki, gaskiyar ta zo har maƙogwaro. Na ce, "Haka ne, Gwaggo."