Motar Kaka da Allurarta Mai Ƙarya

Jiya Kawu ya sa wa tsohuwar motar gidanmu sabon famfon mai, haɗaɗɗe daga kwalinsa. Warin fetur na bugun hancina, sai Kaka ya faɗo mini a rai.

Shi kam ba ya sayen haɗaɗɗe. "Abin da ban ga cikinsa ba, ba ya shiga motata," haka yake cewa. Wata rana da famfon ya mutu, sai ya sayo kayan ɗaya-ɗaya a Yelwa, ya baje su kan tabarma kamar mai tallan goro, ya haɗa da hannunsa. Sai dai bai ankara ba ya sa ƙwallon da ke auna mai a tanki a juye.

Washegari muka ɗauko ɗanyen kifin Inna daga Wara, allurar mai na nuna tanki cike. A tsakiyar hanya motar ta yi tari ta mutu. Rana ta take, ƙudajen Kebbi kaf suka zo gaisuwa.

"Baba, kifina zai ruɓe!" in ji Inna.

Kaka ya ƙwanƙwasa tankin, ya ji wayam. "Ja'ira! Ashe yunwa take ji, kunya ta hana ta faɗa."

Na ɗare babur ɗin kabu-kabu na samo mai a jarka, kifi ya isa kasuwa da ƙyar. Kaka bai taɓa gyara allurar ba. In ta ce cike, sai ya nufi gidan mai.

Yau gaskiya allurar take faɗa, amma da na gan ta cike sai da gabana ya faɗi. Allah ya jiƙanka, Kaka, ya cika maka mizani da lada, cikar gaskiya.