Ranar da Inna Ta Yi wa Ɓeraye Jinya

Na manta abubuwa da dama a rayuwata, har da sunayen wasu jikokina, amma zuwan mahaifiyata wurin aikina a Madarunfa ba zai taɓa fita daga raina ba.

Zamanin Faransa ne, kafin a samu 'yancin kai. Wani lokotoro, wato likita, Bature ya buɗe ɗan ɗakin bincike kusa da tabki, yana nazarin cututtuka a jikin fararen ɓeraye masu jajayen idanu. Ni ne mai kula da su. Ina ba su gero da gyaɗa, ina share kejinsu, ina canza musu ruwa. Aiki ne mai rufin asiri, da shi nake riƙe da matata da jaririnmu. A garinmu Gabi dai abin da na faɗa shi ne ina aiki da lokotoro, ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙarasa gaskiya ba. Sai wani ɗan garinmu mai bakin tsiya ya leƙo, ya koma ya baza cewa ɗan Inna ya zama makiyayin kusa, wato ɓeraye.

Inna ta hau jaki ta taho da niyyar maida ni gona. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunana. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ga ina zuba wa ɓera gyaɗa ɓararriya, ta riƙe haɓa.

"Kai wannan, mi nike gani? Mu muna can muna yaƙi da su cikin rumbu, kai kana nan kana yi masu bauta?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

A makon nan kuwa wani ɓera ya kamu da ciwo. Wuyansa ya kumbura, yana atishawa, idonsa na zubar da jan ruwa, ba ya son haske. Lokotoro ya ce cuta ce mai yaɗuwa ta numfashi da majina, kuma tana maƙalewa a hannu da kwano. Ya sa na kai shi ƙuryar ɗaki shi kaɗai, ya ce in wanke hannu da sabulu duk lokacin da na taɓa shi. Ya ja mini kunne cewa in ciwon ya shiga sauran, aikinsa na watanni ya lalace, nawa aikin kuma ya ƙare.

Ranar Juma'a lokotoro ya tafi Maraɗi, ni kuma na tafi masallaci. Na bar Inna a gindin bishiyar bedi da ƙwaryar fura, na roƙe ta kada ta shiga. Wanda ya san uwata ya san wannan roƙon gayyata ce.

Da na dawo, ban same ta a inuwa ba. Na same ta a ciki, zaune dirshan, ɓeran nan marar lafiya yana kan cinyarta.

"Hangum ne," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kun yada bawan Allah shi ɗaya cikin duhu, ba mai ce mashi sannu. Ko arna ba su yin haka."

Ta kwaɓa toka da man shanu ta shafe masa wuya. Wannan da sauƙi. Sai da na duba sauran kejin na ga babbar ɓarnar. Kowane ɓera, babba da yaro, wuyansa dumu-dumu da toka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, wai rigakafi ya fi magani. Ta kuma zagaya da marar lafiyan keji-keji don 'yan'uwansa su gan shi hankalinsu ya kwanta. Matar da ta zo tsine wa ɓeraye ke nan.

Na goge tokar iya ƙoƙarina, amma aikin gama ya gama. Da lokotoro ya dawo na faɗa masa, ya yi ja kamar gauta. Kafin mako ya zagayo ɗakin ya rikice da atishawa. Kejin da ta fara taɓawa su suka fara, sauran suka biyo baya. Manya sun kumbura sun ƙi abinci, daga baya suka warware. Jarirai ne ba su jure ba, da safe sai in kwashe su a tafin hannu.

Lokotoro ya ce in nemi wani aiki. Inna, wadda burinta ke nan tun farko, sai ta ɗaura ɗamara ta tunkare shi. Yana jin Hausa daidai gwargwado, ta kira shi Mushe, yadda muke kiran Turawan Faransa.

"Mushe, in kora za ka yi, ni za ka kora. Yaron ga masallaci ya tahi."

Ya ce ai ba ita ya ɗauka aiki ba. Ta ce to ya nuna mata cutar da ake zargin yatsanta da ita. Ya ce ƙwayar ta yi ƙanƙanta, ko madubinsa na bincike ba ya kama ta.

"Kai ma ba ka taɓa ganin ta ba?"

"Ban taɓa ba."

"To ashe ni da kai duk labari muka ji."

Na zaci zai fashe, sai ya fashe da dariya. Ya ja ta zuwa kejin da ke kusa da ƙofa, ya nuna mata wata uwar ɓeraye tana ta tonon ciyawa tana neman 'ya'yanta. Ya ce ba a ganin ƙwayar, amma ga sawunta. Inna ta daɗe tana kallo. Can ta tambaya da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Ɗiyan mutane ma haka ciwo ke bi ya same su? Ta hannun masu zuwa gaisuwa?"

Ya ce wasu cututtukan haka suke, kamar ƙyanda. Ni na san inda hankalinta ya tafi. Ƙannena biyu ƙyanda ta ɗauke a shekara guda, bayan Inna ta goya su zuwa dubiyar ɗan maƙwabta. Tausayinta ya kama ni har na manta da batun aikina.

Lokotoro ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce in ɗauko sabulu mu wanke ɗakin tun daga rufi. Haka aikina ya tsira. Inna ce ta wanke kwanonin da hannunta, sannan ta hau jakinta ba ta sake zancen gona ba.

Daga shekarar nan, in ƙyanda ta shigo Gabi, Inna ta bayan darni take gaida marar lafiya, ta ajiye kunu a bakin ƙofa ta juya. Mutane suka ce ta yi girman kai tunda ɗanta ya shiga aikin Nasara. Ta bar su da bakinsu, ta tsare jikokinta a gida. Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta wanke hannu, kuma akwai ranar da son mutum shi ne ka tsaya daga nesa ka ce masa sannu.